Fita Wasa da Fiyano Mai Kiɗa a Cikinsa: Daga Shirin Gida Zuwa Filin Biki

A wajen wunin biki ko dina a Katsina, waƙa ba ta da tsawon da aka yanka mata. Mawaƙi yana tsakiyar baiti sai uwar ango ta miƙe da ƙawayenta za su yi liƙi, dole ya saki baitin ya koma kiran sunaye da kirari, kuma ba wanda ya san ko minti biyu za a ɗauka ko goma. Kiɗan da aka ɗauko daga sitidiyo a filashi ba ya jiran kowa, in ya ƙare ya ƙare. Shi ya sa ƙaramar ƙungiya, mawaƙi ɗaya da 'yan amshi biyu ko uku, take buƙatar fiyanon da ke da kiɗa a cikinsa, irin su Yamaha PSR da Korg Pa. Hannun hagu yana riƙe kod, wato sautukan da ake dannawa tare, na'urar tana buga ganga da bes da sauran rakiya a kan kod ɗin, hannun dama yana bin waƙa, kiɗan kuma yana ta zagayawa har sai an tsayar da shi. Sai dai fiyanon ba zai bi bakin mawaƙi ba sai makaɗi ya gama shirinsa tun daga gida, ta yadda a fili idonsa zai tsaya kan mawaƙi maimakon allon na'ura.

Fiyanon da zai iya fita wasa

Abu biyar za ka duba: sauyin kiɗa guda huɗu, wato A da B da C da D, maballan ajiyar saiti, ƙofar filashi, ƙofofin fitar da sauti guda biyu, hagu da dama, da wurin sa feda. Yawancin ƙananan PSR-E sauyi biyu kawai gare su, kuma da yawansu ta ramin abin kunne ake fitar da sautinsu. Sun isa koyo da ƙaramin taron suna, amma za su takura ka a babban biki. Ajin da ya dace shi ne PSR-S670, S770, S970, S975, SX600, SX700 da SX900, ko Korg Pa600, Pa700 da Pa1000. Sunayen maballan da za mu ambata na Yamaha ne, don su suka fi yawa a hannun makaɗanmu. Korg yana da kwatankwacin kowanne.

In na hannu za ka saya, ko a Sabon Garin Kano ko a hannun wani makaɗi, kada ka biya sai ka danna madannai 61 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, sau ɗaya a hankali, sau ɗaya da ƙarfi. Wanda ya yi shiru, ko ya fasa ƙara duk da ka taɓa shi a hankali, robar da ke ƙarƙashinsa ta sha ƙura ko ta mutu. Ka gwada maballan A zuwa D da na ajiyar saiti, su ne suka fi shan wahala. Ka sa waya a ƙofar sauti ka ɗan girgiza ta, in ka ji ƙaraf-ƙaraf to dalmar ciki ta saki.

Gyaran sitayil

Sitayil shi ne kiɗan da ke zagayawa. A Yamaha kashi takwas ne: ganguna biyu, bes, rakiyar kod biyu, wani sauti mai shimfiɗa a ƙasa, da 'yan kwalliya biyu. An tsara su ne don kiɗan Turawa, inda kayan kiɗa ke cika ko'ina. Waƙar Hausa kuwa magana ce, jama'a sun zo jin kalmomi da sunayensu. Don haka aikinka na farko shi ne ragewa. Shiga wurin kunnawa da kashe sassan sitayil, ka kashe 'yan kwalliyar nan biyu, ka kashe ɗaya daga cikin rakiyar kod, ka saurara. Sau da yawa ganga da bes da shimfiɗa sun wadatar, sauran gurbin na mawaƙi ne da 'yan amshi.

Sai ka tantance tafiyar waƙar. Wasu waƙoƙinmu a kan bugu huɗu suke, 4/4, da yawa kuma, musamman masu ɗauke da salon kalangu, a kan 6/8 suke tafiya. Ka sa mawaƙi ya rera ba kiɗa, kai kana tafi. In tsakanin tafi da tafi kana jin ƙananan bugu uku, 6/8 ne, in biyu ko huɗu ne, 4/4 ne. Wanda ya ɗora waƙar 6/8 a kan sitayil na 4/4 zai ga mawaƙi yana ta tuntuɓe, kuma ƙara gudu ko rage shi ba zai gyara komai ba.

Kiɗan kalangu na gaske ba ya zuwa da fiyano daga kamfani. Hanya biyu ce. Ko ka shiga STYLE CREATOR ka ɗauki sitayil mai tafiyar da ta dace, ka goge gangunansa, ka buga naka da hannu ta amfani da gangunan ciki da suka fi kusa da namu, ko ka sa a loda maka sautukan kalangu da na sauran gangunanmu da aka naɗa, wanda a Yamaha ake yi da manhajar Yamaha Expansion Manager a kwamfuta. In za ka buga da hannu, ka yi zagaye biyu ko huɗu kawai (zagaye ɗaya a 4/4 bugu huɗu ne), ka daidaita bugun babbar ganga da QUANTIZE, amma ka bar na kalangun yadda hannunka ya buga shi in ya zauna daidai. In ka matse shi gaba ɗaya, lanƙwasar da ke sa mata miƙewa rawa za ta tafi.

Ka jera sauyin nan huɗu kamar matakala. A ya zama mafi sauƙi, ganga da bes kawai, na lokacin kirari da kiran sunaye da sanarwar mai gabatarwa. B na baiti. C na amshi, da ɗan ƙarin cika. D na rawa, inda komai ke buɗewa. Idan duk sitayil ɗinka haka suke, yatsanka zai san inda zai je ko da an tashe ka daga barci.

A yi hattara da INTRO da ENDING na kamfani, wato kiɗan buɗewa da na rufewa, kowanne guda uku ne. Na biyu da na uku suna ɗauke da nasu karin waƙa da nasu jerin kod, wanda galibi ba ya jituwa da waƙar da za a rera. Ka tsaya kan na ɗaya, shi ne gajere, ko ka kunna SYNC START kiɗa ya tashi da zarar hannun hagu ya sauka.

Kod da matakin murya

Fiyano a rabe yake gida biyu, kuma a Yamaha daga kamfani iyakar tana kan madannin F#2. Duk abin da ke hagu da nan kod ne, na dama waƙa. In hannunka na dama yana yawan gangarowa ya taɓa yankin kod har kiɗa ya karkace, ka matsar da iyakar ƙasa kaɗan.

Yawancin karin waƙoƙinmu a kan sauti biyar suke tafiya, shi ya sa masu koyo da yawa ke farawa da baƙaƙen madannai, don su ma biyar ne a kowane jeri kuma sun faɗa daidai kan wannan tsari. Waƙa irin wannan ba ta son kod mai yawa. In tana kan sautukan A, C, D, E, G, to Am da G za su ɗauke ta kusan duka, sai Dm ko C jefi-jefi. Akwai kuma waƙar da kowane cikakken kod ke yi mata nauyi. A nan sai ka danna sauti biyu kawai, tushe da na biyar ɗinsa, misali A da E. Yamaha yana gane wannan, sai ya buga rakiya ba tare da sautin tsakiya da ke sa kod ya yi kama da na coci ko na fim ɗin Turawa ba. Amma wannan sai ka sa tsarin yatsu a FINGERED. In yana kan SINGLE FINGER, na'urar za ta ɗauki E a matsayin tushe, ta ga farin madanni a hagunsa, ta buga maka E7, kiɗa ya watse kana mamakin abin da ya faru.

Muryar mawaƙi ita ke zaɓar mataki, kuma a gida ake nemo shi. Ya rera wurin da ya fi tsawo a waƙar, ka bi shi da TRANSPOSE, taki ɗaya-ɗaya, har ka sami inda yake kaiwa ba tare da jijiyar wuya ta tashi ba. Ka rubuta lambar. Bayan awa biyu ana waƙa, ga ƙura ga hayaniya, murya tana sauka, sai ka rage taki ɗaya ko biyu tsakanin waƙa da waƙa, kada a tsakiyar baiti. Danna + da – tare yana mayar da shi sifili.

Ajiyar saiti

Nan ne aikin yake. Maballan REGISTRATION MEMORY takwas ne a waɗannan fiyanonin, kowanne yana riƙe sitayil, gudun kiɗa, sautin hannun dama, matakin murya, da sassan da ka kashe. Takwas ɗin a haɗe su ne banki ɗaya. Ga yadda ake yi: ka saita komai yadda kake so, ka danna MEMORY, ka tabbata an yi wa STYLE, VOICE, TEMPO da TRANSPOSE alama, sannan ka danna lambar da kake so. In takwas ɗin sun cika, ka ajiye bankin da suna. Wanda ya buɗe wani banki bai ajiye na farko ba, aikin ya tafi.

Ka tsara bankuna bisa yadda taro ke tafiya: na shigowar amarya da ango, na iyaye da manyan baƙi, na ƙawaye da abokai, na rawa, da banki guda na ko-ta-kwana mai ɗauke da 6/8 mai sanyi, 6/8 mai zafi, 4/4 mai sanyi da mai zafi, don waƙar da aka roƙa ba a shirya ta ba. Ka fara sunayen da lamba, 01, 02, 03, don su jeru a allo yadda kake so. Ka rubuta jerin a takarda da babban rubutu ka manna a gefen fiyano.

Abu uku ke lalata wannan shiri a fili. Na farko, maballin ajiya ba ya haɗiye sitayil, adireshinsa kawai yake riƙewa. In sitayil ɗin yana filashi, ka canza masa suna ko jaka, ko ka manta filashin a gida, za ka danna maballi ka ji wani kiɗa daban. Ka kwafe duk sitayil da kake aiki da su zuwa ma'ajiyar USER ta cikin fiyano kafin ka fara ajiyar saiti, ka kuma riƙe kwafi a filashi biyu. Na biyu, in ka rage wa mawaƙi taki biyu saboda gajiya, da ka danna maballi na gaba zai koma matakin da aka ajiye. Maganinsa FREEZE: ka zaɓi TRANSPOSE a cikin saitinsa ka kunna shi, sai komai ya canza ban da mataki. Na uku, OTS LINK. In yana kunne, duk lokacin da ka tashi daga A zuwa B sai sautin hannun damanka ya canza da kansa, sarewa ta koma jita. Ka kashe shi.

Akwai kuma abin da ke kunyata sababbin makaɗa. Waɗannan fiyanonin na Yamaha suna kashe kansu in an yi minti 30 ba a taɓa su ba. An ce amarya za ta iso ƙarfe takwas, ba ta iso ba sai tara da rabi, mai gabatarwa ya ce a tashi a tarbe ta, ka kai hannu ka tarar da allo baƙi. Ka shiga saiti ka kashe AUTO POWER OFF tun a gida.

Wuta

Fiyano ba ya cin wuta, amma ba ya jure wasa da ita. Ajin PSR-S da SX da muka lissafa suna aiki da adafta PA-300C mai bolt 16, ƙananan PSR-E kuwa bolt 12. Kada ka ɗauki adaftar wata na'ura don bakinta ya shiga. Ka nemi ta biyu ta asali ka ajiye a jaka, don in ta ƙone a Mashi ko Mai'aduwa da dare ba inda za ka samo wata.

Don sifika biyu masu inci 15, da miksa, da fiyano, da 'yan fitilu, janareta mai kVA 2.5 zuwa 3.5 ya isa. Ƙaramin nan na shago ba zai ɗauka ba: duk bugun bes sai wuta ta yi ƙasa, fiyano ya mutu ya sake tashi. A ajiye janareta a sarari, nesa da mita 15 zuwa 20, inda iska ba za ta kwaso hayaƙi da ƙara zuwa wurin jama'a ba, kada a kuskura a sa shi a zaure ko ɗaki. Wayar da za ta jawo wutar ta kasance mai kauri, milimita 2.5, don siririya mai tsawo tana zubar da ƙarfin wuta a hanya. A cika mai kafin a fara, ba a zuba fetur inji yana aiki. Kada ka yarda a haɗa layinka da firiza ko na'urar sanyaya ɗaki.

Fiyano da miksa su bi ta sitabilaiza, sannan ƙaramin UPS, ko mai 650VA ya isa su biyun. Amfaninsa yana fitowa lokacin da aka ɗauke wutar NEPA ana juyawa zuwa janareta: sifiku za su yi shiru na ɗan lokaci, amma fiyano bai mutu ba, saitinka yana nan, da wuta ta dawo kiɗa zai ci gaba. Wajen kunnawa, fiyano ne farko, sai miksa, sifiku ko amfilifaya a ƙarshe. Wajen kashewa a juya jerin.

Sauti

In waya ɗaya za ka kai miksa, ka sa ta a ƙofar da aka rubuta L/L+R, ita ke haɗa hagu da dama. In ka sa a R kaɗai, rabin kayan kiɗan zai ragu. A miksa ka shiga ta ƙofar LINE. Wayar jak in ta wuce mita biyar ko shida tana fara kwaso gurnani, musamman kusa da wayar janareta, don haka ko ka matso da miksa kusa da kai, ko ka sa akwatin DI, ƙaramin akwatin da ke haɗa wayar jak da ta makirfo ya hana gurnani, ka ci gaba da wayar makirfo.

Ka kai bolum ɗin fiyano wajen kashi uku cikin huɗu, ka manna salatif a wurin, kada ka ƙara taɓa shi. Daga miksa ake ƙarawa. A fara saita makirfon mawaƙi shi kaɗai har ya fito tas, a ƙara na 'yan amshi ƙasa da nasa kaɗan, sannan a shigo da kiɗa a hankali. Mutum ɗaya ya je can bayan rumfa ya saurara: in bai gane sunan da mawaƙi ya kira ba, kiɗa ya yi yawa. A ɗakin taro mai tayil da rufin kwano a rage eko sosai, ɗakin da kansa yana amsawa. A fili ko ƙofar gida za a iya ƙara kaɗan. Sifiku su kasance gaba da makirfo suna kallon jama'a, in suna bayan mawaƙi kuka ba zai ƙare ba. Kai kuma ka bar sifikun jikin fiyano a kunne, su ne kunnenka.

A cikin fili

Ku yi yarjejeniyar alamu da mawaƙi kafin a fara: tafin hannu ƙasa, a koma A, yatsa yana juyawa, a ci gaba da zagayawa, hannu sama, a hau D, dunƙulen hannu, a rufe. Ka zauna inda kake ganin fuskarsa da hannunsa, ko da zai shiga cikin jama'a.

Ka kunna AUTO FILL IN, ta yadda duk sauyi zai zo da ɗan gangaren ganga. Sauyin yana shiga ne a farkon zagaye na gaba, don haka ka danna a cikin zagayen ƙarshe na baiti, wajen bugu na biyu ko na uku. In ka makara har amshi ya shiga, gangaren zai faɗo a kan bakin 'yan amshi. Feda tana sauƙaƙa wannan ƙwarai: ka sa mata aikin FILL ko BREAK, hannuwanka biyu su zauna a kan madannai. A sa ta kafin a kunna fiyano, kuma kada a taka ta lokacin kunnawa, in ba haka ba tana iya juyewa ta yi aiki a baibai.

In mawaƙi ya fara waƙa da baki kafin kiɗa, ka bi shi da TAP TEMPO, ka danna shi sau huɗu a waƙar 4/4, kiɗan zai tashi da gudunsa. In zai yi kirari mai tsayawa da tashi, SYNC STOP ne abokin aikinka: kana riƙe da kod kiɗa na tafiya, ka ɗaga hannu ya tsaya cak, ka mayar ya dawo daga farkon zagaye. Ka tuna ka kashe shi bayan kirarin. Da an fara kiran salla kuma a tsaya, da gajeren ENDING ko da maballin tsayarwa kai tsaye, ba sai mai gida ya aiko ba.

Idan akwai mai kalangu a ƙungiyar, ka kashe gangar sitayil ta biyu ka bar masa filin, babbar ganga kawai za ta riƙe lokaci. Na'ura ba ta saurare, shi ne zai bi ta, saboda haka ya tsaya kusa da fiyano ko a ba shi ƙaramar sifika a gabansa. In ya fara gaba da kiɗa, yawanci ba ya ji ne.

Lokacin liƙi shi ne lokacin haɗari ga kaya. Jama'a za su yo kanku, a taka waya, a zuba ruwan leda a kan madannai. Ka bi da wayoyi ta bayan kujeru, ka danne su da tabarma ko salatif, ka ɗaure wayar adafta a ƙafar teburin fiyano don ko an ja ta kada ta fita. Yaro ɗaya ya tsaya a gabanka, aikinsa ke nan, wani daban ya tsinci kuɗi.

Ƙura, zafi da hanya

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ita ce babbar mai kashe fiyano a nan, tana shiga ƙarƙashin madannai da cikin bolum. Da an gama saiti a rufe shi da zane har sai za a fara, bayan an tashi a share da busasshen burushi mai laushi, kada a sa ruwa ko fetur. A bazara, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, kada a bar shi a rana ko cikin rufaffiyar mota, allo yana dushewa, roba tana lanƙwasa. Da damina a ɗaga sitabilaiza da mahaɗar wuta daga ƙasa, a riƙe babbar leda kusa. In za a yi tafiya kamar daga Katsina zuwa Daura, a cire filashi da duk wata waya daga jikinsa, a sa shi cikin jaka mai soso, a kwantar da shi a kujerar baya madannai suna sama, sifiku da janareta su tafi but.